Ranar da Kwamfuta ta Haɗiye Sunan Baba Sa'adu

Ku yaran da kuke zuwa wurina koyon aiki yanzu, da an ce sunan wani ya ɓace daga manhaja sai ku ce, "Baba, a danna sink kawai." Ku danna, ku koma kan wayarku, kafin ku ɗago kai suna ya dawo. To ku gyara zama, in ba ku labarin zamanin da suna yake tahowa daga Abuja zuwa Suleja ta cikin wayar tarho, muna tsaye muna jin kukansa da kunnenmu, da irin abin da yake faruwa in ya yi tuntuɓe a hanya.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Gyaran tafireta na koya, a wani ɗan shago bayan kasuwa, ba nisa da gidanmu a Magajiya. Wajen tsakiyar shekarun casa'in, wata rana wata mata ta shigo rungume da firinta kamar jariri, irin mai allurai ɗin nan da take ihu in tana bugu. Maigidana ya duba ya ce shi ba ya taɓa kayan kwamfuta. Ni kuwa da na leƙa ciki sai na ga ribin ne da abin naɗe takarda, duk dangin tafireta ne. Na zaro guntun takardar da ya maƙale a haƙora, na goge, na ɗiga mai. Matar tana tsaye a kaina har na gama. Da za ta tafi ta tambayi sunana, na ce Habibu.

Ta ce, "Habibu, na ga ba ka yi wa ƙarfe dole. Ka zo ka same ni ran Litinin."

Ita ce Madam Rifkatu. 'Yar wajen Filato ce, gajeriya, da tabarau mai igiya a wuya. Lissafi ta fara koyarwa a sakandare kafin ta je ta karanto kwamfuta. Hausarta ta Jos ce, da ɗan Turanci a ciki kamar gishiri, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko a kan mutum ko a kan inji. Wani kamfani take yi wa aiki, mai kula da janareta da famfunan rijiyar burtsatse na ofisoshi da makarantu da ƙananan asibitoci. Babban ofis yana Abuja, amma gareji da sito da makanikai duk suna nan Suleja, a hanyar Zuma, tunda yawancin ma'aikata nan suke kwana.

Ɗakin kwamfuta shi kaɗai ne mai esi a duk harabar. Sai ka cire takalmi a ƙofa. Ranar da na fara shiga, sanyi ya buge ni, ga wani ɗan gurnani da ba ya yankewa, ga ƙananan fitilu kore da ja suna ƙifta ido a cikin akwatin ƙarfe, wallahi sai da na yi bisimilla a zuciyata. Madam ta nuna min babbar kwamfutar da ake kira saba, ta nuna min batura jere a ƙasa masu riƙe ta in an ɗauke wuta, sannan ta buɗe jakar kayan aikinta: sukudireba ƙanana, filaya ta matse kan waya, buroshi mai laushi, mita ta gwada wuta, da akwatin diski, kowanne da rubutun hannunta a goshinsa. Aikin farko da ta ba ni shi ne bin wayar da ta haɗa kwamfutocin ofis. Waya ɗaya ce baƙa, ta bi ta bayan kowane tebur kamar igiyar shanya, in ta saki a wuri ɗaya kowa ya tsaya cik. Na yi makonni ina rarrafe ƙarƙashin tebura kafin ta bar ni na taɓa kibod.

Yanzu ku saurara da kyau, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane sauran ba. Abubuwa biyu ne. A Abuja akwai kundin ma'aikata a cikin kwamfuta: sunan kowa, lambarsa, sashensa. Shi ne mai faɗa a ji. In an ɗauki mutum aiki, can ake fara rubuta shi. In ya bar aiki, can ake cire shi. A Suleja kuma akwai manhajar karɓar koke. In janareta ya mutu a wani wuri suka bugo tarho, wata ma'aikaciya mai suna Comfort ta rubuta koken da sunan garin, manhaja ta ba ta lamba ta faɗa wa mai kira. Daga nan manhajar da kanta za ta duba wane makaniki ne yake riƙe da wannan yankin, ta buga takardar aiki da sunansa a firintar gareji. Ya yage, ya ɗauki kaya, ya tafi. In ya dawo sai ya shiga kwamfutar gareji da sunansa ya rufe aikin. Amma manhajar koke ba ta san kowa ba sai wanda kundin Abuja ya gaya mata. Shi ya sa kullum bayan la'asar, in layi ya ɗan yi sauƙi, sai kwamfutarmu ta kira ta Abuja ta karɓo sunaye, ta daidaita nata da su. Wannan daidaitawar ita ce kuke kira sink.

Ranar da na fara ganin abin da idona ba zan manta ba. An ɗauki wani sabon mai walda, Danladi, yana zaune a waje bisa benci yana jiran a san da shi. Madam ta ce min, "Zo ka tsaya nan." Ta taɓa wasu maɓallai. Wani ɗan akwati da ake kira modem ya buga lamba da kansa, ƙit ƙit ƙit, sai ya fashe da wani irin kuka, kamar an haɗa kukan gyare da na tsohuwar rediyo, sannan ya yi shiru. Fitilunsa suka shiga rawa. Can sai ga rubutu yana gangarowa a allo, suna bayan suna, har na ga Danladi. Na leƙa ta taga, ga mutumin nan zaune yana cin gyaɗa. Ba mota, ba masinja, ba wasiƙa. Wani ya rubuta shi a Abuja, ya biyo waya ta gefen dutsen Zuma, ya shigo ɗakin nan kafin ya gama gyaɗar da ke hannunsa.

Na ce, "Madam, yanzu wannan kukan da muka ji, sunansa ne?"

Ta ce, "Nasa da naka da na kowa."

Na daɗe ina kallon akwatin.

Aikin da ya fara koya min cewa wannan abin al'ajabi makaho ne shi ne na Musa Ibrahim. Muna da Musa Ibrahim direba, dogo, mai barkwanci. Sai aka ɗauko wani Musa Ibrahim ɗin, makanikin famfo, daga Minna. A lokacin da suna manhaja take gane mutum. Da sunaye suka iso ta ga Musa Ibrahim sau biyu, sai ta ce ai mutum ɗaya ne, ta haɗe su. Washegari firinta ta fara buga wa direba aikin ciro famfo daga rijiya. Ya shigo ofis da takarda a hannu yana cewa, "Madam, ni fa ko guga ban iya ja ba!" Kowa ya yi dariya, ban da ita. Ta zaunar da ni ta ce, "Kai ka san wannan dogo ne, wancan gajere. Ita ba ta da ido. Abin da aka rubuta kawai ta sani." Ta yini tana gyara manhajar har ta koma gane mutum da lambarsa. Daga ranar ta kafa min doka: in suna ya ɓace ko ya rikice, kada in sake rubuta shi da hannu a Suleja, domin kiran gobe zai share abin da na rubuta. Sai in bi sawunsa tun daga inda ya taso har in ga inda ya faɗi.

Shekarar wahala ita ce ta ƙarancin man nan, wajen ƙarshen casa'in ɗin. Layin motoci a gidan mai ya kai inda ido ba ya gani. Wutar lantarki sai ta yini ba ta leƙo ba. Mu masu gyara wa mutane janareta, namu ma sai mun auna masa dizal da gwangwani. Ni da Madam kullum hankalinmu yana kan batura da zafin ɗaki, muna kashe wannan mu kunna wancan don saba ta rayu. Motocin kamfani rabinsu a ajiye. Ga kuma raɗe-raɗin da ya cika gareji cewa Abuja za ta rage ma'aikata.

Babban makanikin janaretanmu shi ne Baba Sa'adu Garba. Da shi aka buɗe garejin. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya yawan magana, in ya kara kunne a jikin inji zai gaya maka abin da ke damunsa kafin a kwance ƙusa ɗaya. Shi yake riƙe da yankin Gawu Babangida da ƙauyukan da ke kewaye. Kwamfuta kuwa da yatsa ɗaya yake taɓa ta, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, amma bai taɓa barin aikinsa a buɗe ba.

A wani mako cikin wannan shekarar, firintar gareji ta daina buga wa wasu mutane aiki. Tana buga wa Bala, tana buga wa Emmanuel, tana buga wa Musa makaniki. Amma Baba Sa'adu shiru, Salisu shiru, Sunday da Tanko da Timothy shiru. Ba wanda ya yi mamaki. Kowa ya ɗauka mutane sun daina kunna janareta ne saboda babu mai, inji kuwa in ba a kunna shi ba ai ba zai lalace ba. Mu ma a ɗakin kwamfuta kullum bayan kira sai allo ya rubuta mana cewa an kammala, babu kuskure. Su Baba Sa'adu suka yi kwanaki suna zaune gindin mangwaro.

Abin da ba mu sani ba shi ne, wata safiya Baba Sa'adu ya gaji da zama ya je kwamfutar gareji, ya rubuta sunansa don ya duba ko akwai wani tsohon aiki. Ta ce babu mai wannan suna. Ya sake, a hankali. Ta sake cewa babu. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma ya buɗe akwatinsa, ya fara ware sufanun da ya saya da kuɗinsa daga na kamfani. Timothy ya gan shi ya tambaye shi, shi ma ya je ya gwada. Babu Timothy. Kafin azahar magana ta zaga: an kore su, kuma ko takarda ba a ba su ba, inji aka sa ya gaya musu.

Muna ciki muka ji hayaniya a ƙofar manaja. Na fito na tarar da mutane sun fi goma a tsaye, Timothy a gaba yana cewa, "Oga, in kora ce a gaya mana a fuska! Mu ba awaki ba ne!" Manaja, Alhaji Bello, yana ta rantsuwa cewa shi bai ga wata takardar kora ba. Ba wanda ya yarda. Baba Sa'adu yana can baya, akwatinsa ɗaure da igiya a kan keke.

Ana cikin haka sai ga wata mata ta shigo ƙofar harabar da fararen kayan asibiti, ƙura har gwiwa, tana riƙe da kula mai ɗaukar ƙanƙara, wani ɗan acaɓa yana biye da ita da wata. Ta ajiye a tsakiyar mutane ta ce, "Wane ne babba a nan?"

Sista Hannatu ce, mai kula da wani ƙaramin asibiti a Gawu. Janaretansu ya mutu tun farkon mako. Shi yake riƙe da firjin allurar rigakafin yara, shi yake ja musu ruwa ɗakin haihuwa. Ta yi ta zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma tana roƙon tarho tana bugo mana, kullum a ba ta lamba a ce makaniki yana hanya. Ta zaro takarda ta karanto lambobin. Ta ce ta yi ta sayen ƙanƙara a kasuwa har ta ƙare, mata sun taho da goyo daga ƙauyuka ta mayar da su, yau kuwa ta kwaso allurar ta kawo Suleja neman firjin da zai riƙe ta kafin ta lalace.

Comfort ta fito ta ce, "Wallahi Sista, na rubuta. Duk na rubuta."

Baba Sa'adu ya matso. Ya ce, "Sista, ni ne na Gawu. Ban ga takarda ba."

Alhaji Bello ya juya ya dubi Madam, ya ce, "Madam, injinki ne."

Ta ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma a fara da asibiti." Ta karɓi biro daga aljihuna, ta rubuta takardar aiki da hannu a bayan wata tsohuwar ambulan, ta miƙa wa Baba Sa'adu da hannu biyu. Ta ce, "Baba, ba a kore ka ba. Ban san abin da ya faru ba tukuna, amma zan sani. Don Allah ka je."

Ya dubi ambulan ɗin, ya dube ta. Ya kwance igiyar akwatinsa. Aka zuƙo mai daga motoci biyu aka zuba wa ɗaya, aka sa allurar a firjin ofis, Musa direba ya ja su suka nufi Gawu.

Alhaji Bello ya ce a yi maza a sake rubuta sunayen kowa ya huta. Madam ta ce in ta rubuta yanzu, bayan la'asar za su sake ɓacewa. Sai ta yi wani abu da ban taɓa ganin an yi a aikin kwamfuta ba. Ta sa aka tara duk ma'aikatan gareji, ta ce kowa ya je ya gwada sunansa. Wanda ta karɓa ya tsaya dama, wanda ta ƙi ya tsaya hagu. Na tsaya da takarda ina rubutawa. Ta bi na hagu tana kiran sunayensu a bakinta a hankali: Sabo, Salisu, Samuel, Sani, Sunday, Tanko, Timothy, Umaru, Usman, Ya'u mai sito. Ba sashe ɗaya ba, ba addini ɗaya ba, wasu tsofaffin ma'aikata, wasu sababbi.

Ta ce, "Habibu, wane ofis ne yake korar mutane bi da bi kamar rajistar aji?"

Sai a lokacin na gani. Daga S ne zuwa Y. Amma ga Yahaya da Yakubu da Yusuf a dama, suna kallonmu. Na ce, "Madam, to su waɗannan fa? Ai su ma Y ne."

Ta ce, "Wannan ita ce tambayar."

Muka koma ɗaki. Ba ta fara da manhajar koke ba. Ta ɗauko fayil ɗin da ya zo daga Abuja jiya, ɗanyensa yadda ya sauka daga waya, ta buga shi a takarda. Kowa yana ciki. Ga Salisu, ga Timothy, ba wanda Abuja ta cire. Ke nan sun baro Abuja lafiya, sun iso Suleja lafiya, a bakin ƙofar manhaja suka faɗi. Ta buɗe jerin mutanen da manhajar ta sani, muka bi shi layi layi da kan biro. Bayan sunanta, Rifkatu, sai muka ga wani mutum da ba mu taɓa gani ba. Sunansa ya fara da na Baba Sa'adu, ya ci gaba da lambarsa, ya shiga sunan Sabo, ya wuce na Salisu, ya fice ta gefen allo. Ta bi shi har ƙarshe. Da sunan Ya'u ya ƙare, kuma lambar Ya'u yake ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne a wurin manhaja, mai suna mai tsawon zira'i. Sauran kuwa, tunda ba ta ga lambobinsu a inda ta saba gani ba, sai ta ɗauka sun bar aiki, ta rufe su. Duk koken da ya faɗo yankinsu sai ta karɓa, ta ba da lamba, ta ajiye tana jiran a naɗa sabon makaniki.

Madam ta ɗauko fayil na watan da ya wuce daga akwatin diski, ta jera takardun biyu a tebur. A tsohon an rubuta Saadu, an rubuta Yau. A sabon an rubuta Sa'adu, an rubuta Ya'u. Ta ɗora kan biro a kan ɗan waƙafin nan na sama. Ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta, ta ce, "Ka gani?"

Ta bayyana min. Wanda ya rubuta manhajar a ƙasarsu, wannan alamar a wurinsa ƙofa ce: in ta zo, duk abin da ya biyo baya magana ɗaya ce, har sai an sake ganin irinta ta rufe. Ta Sa'adu ta buɗe, ta Ya'u ta rufe, duk wanda ke tsakani aka haɗiye shi. Yahaya da Yakubu sun tsira ne don a jerin kwamfuta bayan Ya'u suke zuwa. Sannan ta faɗi abin da ya sa na zauna a ƙasa. Ta ce da a ce mutum ɗaya ne kawai mai wannan alama a garejin, da manhaja ta yi ta neman marufi har ƙarshen fayil ba ta samu ba, ta yi ihu tun ranar farko, mu gyara kafin magariba. Amma da yake su biyu ne cif, buɗewa ta samu rufewa, lissafinta ya cika, shi ya sa take gaya mana babu kuskure. A iya saninta gaskiya take faɗa.

Na dubi alamar nan. Ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta zaunar da magidanta gindin mangwaro, ta kashe firji a Gawu, ta mayar da mata da goyo gida.

Da aka samu layi Madam ta kira Abuja. Ashe sabon akawu aka ɗauka a ofishin ma'aikata, wani Bazazzagi mai tsanani a kan rubutu. Ya ga an rubuta sunayen mutane ba daidai ba, ya gyara. Shugaban sashen can ya ce abu mai sauƙi ne, a goge alamar, a kuma hana sa ta daga yau. Madam ta ce a ba ta zuwa gobe. Ranar ta hana kwamfuta yin kira, ta buga duk koken da suka maƙale, aka raba wa mutane da hannu.

Washegari da hantsi Baba Sa'adu ya dawo, hannunsa baƙi ƙirin. Famfon dizal ne ya toshe saboda gurɓataccen man da ake sayarwa a jarka a lokacin. Ya gyara, firji ya yi sanyi, ruwa ya hau tanki, Musa direba ya koma da allurar. Sista Hannatu ta aiko cewa kaɗan ce ta lalace, kuma ta sa an yi shela a kasuwa mata su dawo. Baba Sa'adu ya tsaya a ƙofar ɗakinmu ya yi sallama. Bai taɓa shigowa ba. Ya ce an ce an kama abin da ya kore su, yana so ya gani. Ya cire takalmi, Madam ta ba shi kujerarta, ta nuna masa a allo.

Ya matsa da fuskarsa kusa. Ya ce, "Ina yake?"

Ta ce, "Ga shi nan, Baba, tsakanin a da a."

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ikon Allah." Can ya sake cewa, "Ikon Allah." Da ta gaya masa Abuja ta ce a goge, sai ya gyara zama ya ce, "Madam, a makarantar allo wannan harafi ne guda cikakke. Da shi aka raɗa min suna. Yaron nan na Abuja shi ne mutum na farko da ya rubuta ni daidai a kamfanin nan. Amma in zai sake hana yara allura, a goge."

Madam ta ce, "Ba za a goge ba, Baba. Inji ne zai koya."

Na zauna gefenta ina kallo yadda ta rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja, layuka kaɗan, da za ta tsaya a bakin ƙofa ta tari fayil in ya iso, ta yi wa kowace irin wannan alama shaida cewa cikin suna take, ba ƙofa ba ce. Ta ƙara wani abu: in sunayen da suka iso yau sun gaza na jiya da yawa, kada a rufe kowa, a tsaya a tambayi mutum. Ta gwada da sunayen ƙarya, Isma'ila, Rabi'u, Mu'azu, ɗaya, biyu, uku, ta ga duk sun wuce. Bayan la'asar gareji kaf ya taru a tagar ɗakin kwamfuta. Modem ya yi kukansa. Sunaye suka gangaro. Ina karantawa da ƙarfi, duk wanda na kira sai ya amsa daga waje kamar ɗan makaranta. Da na kai Timothy ya yi wani ihu har Alhaji Bello ya fito. A gareji kuwa firinta ta kama bugu.

Madam Rifkatu ta koma Jos bayan wasu shekaru, ta bar min ɗakin da jakar kayanta. Baba Sa'adu ya ci gaba da riƙe Gawu har ƙarfinsa ya ƙare. Amma daga wannan makon ya ɗauki wata al'ada da bai bari ba. Kullum da safe in ya jingine kekensa, kafin ya sa rigar aiki, sai ya zo ƙofar ɗakin kwamfuta ya yi sallama, ya tsaya daga waje.

Ya ce, "Habibu, ina ciki?"

Ko na san amsa, sai na juya na duba allo da gaske, don ya ga na duba. In ce, "Kana ciki, Baba."

Ya ce, "To, madalla." Ya tafi ya ɗauki sufanunsa.